Arzika Ƙone-riga

Alhaji Bawa mai motocin siminti na Malbaza ya yaga mini hoto a bakin shagona, ran kasuwar Ƙonni, a gaban jama'a, ya kuma laƙa mini sunan da ya kashe mini sana'a: Ƙone-riga. Sunan da ubana ya yanka rago ya raɗa mini Arzika ne. Amma yau in ka shiga tasha ka tambayi Arzika mai hoto, sai a yi ta kallon juna. Ka ce Ƙone-riga, har mai tallan fura sai ta nuna maka ƙofar gidana. Da wannan na fara don kada a ce na yi kwana-kwana. Sauran kuwa don ku na rubuta shi, samarin yanzu, masu ɗaga salula ku danna da yatsa ku ce kun ɗauki hoto. Ba ku ɗauki komai ba. Wayar ce ta ɗauka, ku dai kun riƙe mata.

Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, anka ce kaina bai ja. Babana ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Lasisi, wani Bayarabe da ya taso daga Sakkwato ya buɗe shagon hoto kusa da tasha, tun ana shiga shekarun tamanin. Shekarata ta farko ko igiyar kyamara ban taɓa ba. Aikina ɗibar ruwa, wankin tasoshi, da kula da kwalaben magani. Maganin wanke hoto ba ya son zafi, mu kuwa garinmu kun san shi. Cikin randa muke jiƙa kwalaben, mu lulluɓe randar da jiƙaƙƙen buhu. In bazara ta yi tsanani sai Baba Lasisi ya tsoma gwiwar hannunsa cikin tasa, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba magani ba ne, kunu ne. Je ka nemo ƙanƙara."

Kalmar farko da na koya ta Turancin Ingila a bakinsa na ji ta. Doguwa ce, obar-esfosha, shi kaɗai ke kai ta ƙarshe. Mu da mutanen Sakkwato sai mu gutsure ta mu ce oba. Ma'anarta haske ya wuce kima. Ka buɗe wa fim ƙofa fiye da yadda yake iya sha, sai hoto ya fito fari fat, kamar an wanke shi da toka. Da Hausa mu ce ya ƙone. Baba Lasisi bai bar kalmar ga hoto kaɗai ba. In na daɗe a rana har haɓo ya zubo mini, ya ce na yi oba. In ya ga mutumin da ba a biki ba a suna sai da shi, kullum yana gaban taro har an daina ganinsa, ya ce, "Wancan ma ya yi oba. Abin da ya cika shan haske, ɓacewa yake yi."

Aikin farko da ya sake mini wani suna ne a ƙauyen Alela. Na hau bayan motar kasuwa da kyamara rataye a wuya, ina ji kamar ni ne sufurefe, babban jami'in gwamnati na yankinmu. Kyamarar irin mai ido biyu ce, daga sama ake leƙa ta kamar rijiya, fim ɗaya hoto goma sha biyu. Safiyar ranar da hadari, na buɗe ƙofar haske sosai yadda anka koya mini. Kafin a fito da jariri hadarin ya watse, rana ta fito tarwai, ni kuwa daɗin a ce da ni "mai hoto" ya sa na manta ban rage ba. Da munka wanke fim ɗin Baba Lasisi ya ɗaga shi a ƙofa: baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, sha biyun duka. Bai mare ni ba. Cewa ya yi, "Gobe kai za ka koma ka faɗa wa mai jego. Ka gaya mata a mayar da yaron kwana bakwai, ka sake ɗauka." Na koma, na faɗa, kakar yaron ta bi ni da muciya har bakin hanya. Tun ranar ban sake ɗaga kyamara ba tare da na fara duban sama ba.

To, ga inda sana'ar take, ku buɗe kunne. Waɗanda sunka ƙera fim ba don fuskarmu sunka ƙera shi ba. Mutumin garinmu baƙi ne, rigar da yake ƙauna kuwa fara ce. Fuska na neman haske da yawa kafin ta fito, farar riga kaɗan ya ishe ta. Ka ƙoshar da fuska, riga ta ƙone, aikin zaren da ke ƙirji ya ɓace. Ka lallashi riga, fuska ta zama dunƙulen gawayi da haƙora. A inuwa, da hantsi ko da la'asar sakaliya, ana iya sasanta su. A tsakar rana ba sulhu, dole ka zaɓi ɗaya. Dokar Baba Lasisi guda ce: "Riga tana da tela. Fuska ba ta da tela."

Abin da ya rage a ɗakin duhu ake gyara shi. Ɗakin namu bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, mun toshe duk wata kafa da tsumma, jar fitila ɗaya a kusurwa. Akwai na'ura mai dogon wuya da ke jefa hoton nagatif, wato wankakken fim, bisa takarda. Ba mu da agogon ƙidaya. Ni da Ƙulhuwallahu nake auna haske: ƙafa ɗaya ga fuskar mai haske, ɗaya da rabi in takarda ta tsufa. Sai ka tsoma takardar cikin tasa, fara sol ba komai a kanta, kana jijjiga tasar a hankali. Idanu ke fara fitowa. Kullum idanu. Sannan gira, sannan tsagar gado, sannan mutum ya taso gaba ɗaya daga ƙarƙashin ruwa yana kallonka. Na ga haka ya fi sau dubu, ban taɓa ɗauke ido kafin ya gama fitowa ba. Warin maganin nan, mai kama da tsami da ƙarfe, har yau in na wuce inda ake gyaran batirin mota sai na rage tafiya.

Masu zuwa kuwa, kowa da abin da yake so a gani. Ma'aikatan siminti na Malbaza su zo ƙarshen wata, sun yi wanka sun shafa mai, amma ƙurar siminti na nan maƙale a gira; sai na miƙa musu jiƙaƙƙen ƙyalle. Agogo ɗaya muke da shi a shago, wanda ba ya tafiya, ya shiga hannun mutum ya fi ɗari uku. Da rediyo, da tabarau, da labule mai zanen jirgin sama da gidan bene. 'Yan cin rani su tsaya gaban jirgin, a aika wa na gida. Fulani mata masu nono su shigo su huɗu, su ce hoto ɗaya, kuma ba mai sauke ƙwaryarta. Wani Bafillace da ya zo hoton katin ɗan ƙasa ya rantse ba zai cire malafa ba, sai da na ce masa jandarma za su ce malafar ce ke da katin, shi kuwa baƙo ne. Ya yi dariya ya cire, na danna kafin dariyar ta gama sauka.

Bayan an sake buɗe iyakar Najeriya da anka rufe, Baba Lasisi ya ce tsufa ya zo, zai koma garinsu. Ya bar mini kyamarar, da na'urar, da labulen jirgi. Ya ce, "Arzika, kar ka ba kowa hoton gwaji. Wanda bai san aiki ba, gwaji ne zai ɗauka hukunci." Na ce to. Shekara uku ina riƙe da shagon, daga Tsarnawa har Malbaza ba wanda ake kira sai ni.

Ran da Alhaji Bawa ya aiko mota ta ɗauke ni, sabon gidansa anka gama, na siminti, an shafe shi da farar ƙasa har yana kashe ido. Ya tara baƙi. Ya aika an ɗauko mahaifinsa daga Tsarnawa, Baba Nomau, tsohon manomi, an saka masa babbar riga ta farar shadda mai aiki tun daga wuya har cibiya. Tsohon yana zaune cikinta kamar an kifa masa rumbu, ƙafafunsa masu faso sun leƙo daga ƙasa. An gama sallar azahar ke nan. Alhaji ya sa anka ajiye kujera a jikin farin bangon, rana tsaka.

Na ce, "Alhaji, ranka shi daɗe, a bari la'asar ta yi. Ko a matsa gindin dogon yaron can."

Ya ce, "Baƙina tafiya za su yi. Kuma dogon yaro ni na gina shi? Gidan nika so a gani, da rigar. Ka san daga inda anka kawo ta?"

Na ce rana za ta ci wani abu. Ya ce shi dai ya ga ana ɗaukar shugaban ƙasa da rana.

Na je gyara wa tsohon zaman hula. Da na sunkuya sai ya riƙe mini hannu, hannun kamar ɓawon itace. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗana, ban taɓa yin abin ga ba. Shina da zafi?"

Na ce, "Ko kaɗan, Baba."

Ya ce, "To ni za ka ɗauka ko rigar? Rigar ba tawa ba ce, da an gama zan tuɓe musu abinsu. In da hali ka ɗauke ni, jikokina su san kamata."

Na koma bayan kyamara na leƙa. Fuskar tana ƙarƙashin inuwar hula, baƙa wuluk, tsagar gado ta sauko daga goshi har kumatu, ido ɗaya ya fara yana. Rigar da bangon suna ta walƙiya. Na san abin da nake yi, ba kuskure ba ne irin na Alela. Na buɗe ƙofar haske saboda fuskar, na danna sau uku. Lissafina shi ne, abin da rana ta cinye na rigar in ƙwato shi a ɗakin duhu.

Ana ƙwato shi, in kana da hannu. Da farko sai ka yi gwaji: ka ba takarda hasken da ya dace da fuska kaɗai, ka ga yadda ta fito. Na yi. Baba Nomau ya taso daga cikin tasa, kowane layi na tsagarsa a fili, har da ɗan murmushin da ya ɓoye a gefen baki. Rigar kuwa fara fat, ba a san inda ta ƙare bango ya fara ba. Kai ka ce kan tsohon na shawagi cikin gajimare. Haka gwaji yake. Na shanya shi a igiya bakin ƙofa don in dube shi da hasken gari. Ranar kasuwa ce. Kuskurena ke nan, na manta maganar maigidana.

Ina ciki ina haɗa magani na ji muryar Alhaji. Ya shigo gari harkarsa, ya biyo ya ga ko an gama. Kafin in fito ya cire hoton daga igiya.

"Mine ne wanga?"

Na ce, "Gwaji ne, Alhaji, ba a gama ba. Ba ni kwana biyu."

"Ina rigar? Ina gidan? Ku taho ku gani, jama'a! Na kai mutum har gidana, na ba shi abinci, ya ƙone min riga!"

'Yan tasha sunka taru, masu kura sunka tsaya. Na ce ya saurara in yi masa bayani. Ya ce bayanin mi, ga abu a hannunsa. Ya yaga hoton biyu, ya haɗa ya sake yagawa, ya watsa mini a ƙirji. Ya ce, "Duk mai son tufarsa kar shi kawo ta wurin Ƙone-riga." Wani kamasho ya maimaita da ƙarfi, anka fashe da dariya. Na duƙa na tsince guntayen huɗu daga ƙasa. Ikon Allah, yagar ta bi ta ƙirji da kafaɗa, fuskar na nan cikakkiya a gutsure ɗaya.

Ban bar aikin ba. Na ɗaure ɗan dunƙulen auduga a bakin siririyar waya. Na ba takarda Ƙulhuwallahu ɗaya gaba ɗayanta, sannan na kare fuskar da audugar, ina kaɗa ta a hankali don kada inuwarta ta bar zobe, na ci gaba da zuba wa rigar haske. Ƙafa uku, bai isa ba. Biyar, wuya ya fito, ƙirji bai fito ba. Takarda tara na ɓata cikin kwana uku. A ta goma, da ƙafa bakwai, zaren ya fito ɗaya bayan ɗaya, har inda telan ya karkace a gefen aljihu. Ga bango, ga riga, ga Baba Nomau a tsakiya yana kallona. Ban taɓa yin aiki kamarsa ba, kafin nan ko bayan nan. Na so a ce Baba Lasisi na kusa.

Alhaji bai aiko ba, ni ma ban kai ba. Na ji labari ya ɗauko wani daga Sakkwato mai hoton kala, an sake saka wa tsohon rigar, an sake zaunar da shi a rana. Na sa hotona cikin gwangwanin biskit tare da guntayen nan. Na sha wucewa ta Tsarnawa a mota, gwangwanin na gida. Da na sauka sau ɗaya na nuna wa tsohon kamarsa, da ya gani. Ban sauka ba. Wannan kam ba laifin Alhaji ba ne.

Sunan ya riga ni zuwa ko'ina. Direbobin siminti sunka kai shi Malbaza, 'yan kasuwa sunka kai shi ƙauyuka. Da sallah, lokacin da a da nake rasa lokacin cin abinci, sai in ga 'yan mata da sabbin atamfofi sun zo bakin shago, ɗaya ta ja ɗaya: "Ke, nan ne ake ƙone zane." Ya rage sai hoton kati, wanda ba ruwansa da riga. Da shi na lallaɓa har shekarar da darajar kuɗinmu, sefa, ta faɗi. Kwalin takardar da nake saye ya ninka kuɗi cikin mako guda, maganin ma haka, mutane kuwa ta hatsi suke yi. Ga kuma samari sun fito da ƙananan kyamarori masu auna haske da kansu, su tara fim su aika Sakkwato, inji ya wanke da kala. Inji bai san Ƙulhuwallahu ba, bai san auduga ba, kowa haske ɗaya yake ba shi. Mutane sunka ce ya fi kyau, tunda ana ganin ja da kore. Na rufe shagon da damina. Labulen jirgi ya zama rufin akurki. Na koma noman albasa a fadama, shi nake yi har yau. Kyamarar tana cikin akwati. Wani lokaci nakan fito da ita in leƙa tsakar gida ta cikinta, ba fim, in mayar.

Shekara tara bayan yagar, wata safiya ina zaure ina tsintar albasar da ta fara ruɓa, mota ta tsaya a ƙofa. Na ji an ce, "Salamu alaikum. Ko nan ne gidan Ƙone..." sai muryar ta tsaya. "Gidan mai hoto?"

Alhaji Bawa ne, ya yi furfura, ya yi nauyi. Na shimfiɗa masa tabarma. Munka gaisa kamar ba komai. Ya ce Baba Nomau ya rasu bayan girbi. Na yi masa ta'aziyya, da gaske na yi. Sai ya zaro hoton kalar nan daga aljihu ya ajiye a gabana. Ya koɗe ya yi ja-ja kamar an tofa masa goro. Rigar kam ta fito, ba zaren da ya ɓace. A saman wuyanta akwai hula, a ƙarƙashin hular wani baƙin tabo.

Ya ce, "Yara na tambaya ta ƙaƙa kakansu yake. Ni kaina, wallahi, in na rufe ido rigar ga nika gani. An ce ku ba ku yar da nagatif. In shina nan, faɗi ko nawa ne."

Na shiga ciki na ɗauko gwangwanin. Na fara jera guntayen nan huɗu bisa tabarma, sannan na ajiye babban hoton a gefensu. Ya sunkuya a kansu. Ya kai yatsa kusa da tsagar tsohon bai taɓa ba. Ya ce, "Har da rigar." Na ce har da ita. Ya ce, "Yaushe ka yi wanga?" Na ce kwana uku bayan ya tafi. Ya miƙa hannu zai ɗauka, na dafe.

Babban hoton yana nan cikin gwangwanin har yanzu da nake wannan rubutu. Gutsuren fuskar kaɗai ya fita gidana ranar. Ga abin da na faɗa masa, ido cikin ido, ban ƙara ban rage ba:

"Alhaji, ɗauki wanga guntun, naka ne, kai ka yanke shi da hannunka. Shi tsohon ya roƙe ni, kai wa jikokinsa, ba su yi min komai ba. Babban kuwa ba na sayarwa ba ne. In kana son shi, ka taho ran kasuwa, inda shagona yake, mai facin taya ke ciki yanzu. Ka tsaya inda ka tsaya, ka tara 'yan tasha yadda ka tara su, ka ɗaga hoton su gani, ka kira ni da sunan da ubana ya raɗa min, da irin muryar da ka kira wancan. Na ga ba ka san sunan ba. Ba ni faɗa maka. Ka bi gari ka tambaya, ka ga in ka bar wanda ya tuna."